Kafin Ku Tafi Aikin Sa Kai Na Ikilisiya A Ƙasar Waje Lokacin Kirsimeti

Daga watan Satumba ake fara jin maganar a zumuntar matasa, ko a Agege ko Idi-Araba ko Obalende: wane ya samu gayyata, zai yi Kirsimeti a Turai yana taimakon wata ikilisiya. Ƙannena, abin alheri ne, ba na hana kowa. Sai dai mu da muka riga ku bin wannan hanya mun ga cewa yawancin tafiye-tafiyen da suka lalace, a nan Legas suka lalace, tun ba a ga ƙofar jirgi ba.

Ka fara da wanda ya gayyace ka. Takardar gayyata ta gaskiya tana ɗauke da sunan ikilisiyar ko ƙungiyar, adireshinta, lambar rajistarta, ranar zuwa da ranar komowa, aikin da za ka yi, inda za ka kwana, da wanda zai biya kuɗin jirgi da na abinci. In ɗaya babu a ciki, a tambaya a rubuce. Kada ka tabbatar da gayyata ta lambar WhatsApp ɗin da ta aiko maka ita. Ka nemo adireshin imel na ikilisiyar a shafinta na intanet, ka roƙi Baba Fasto ya rubuta musu da kansa. Dillalai masu sayar da gayyatar “taron ikilisiya” sun cika gari, alamarsu kuma ɗaya ce: kuɗi tukuna, a asusun mutum ɗaya, kuma a yi sauri. Wanda aka kama da takardar bogi a neman bizar Ingila ana iya hana shi shiga har shekara 10, kuma ko da dillali ne ya cusa ta cikin takardunsa bai sani ba, ana iya hana shi bizar.

Shirin gaskiya ba ya ɓoye kansa. Ga misali al'ummar Kirista ta Taizé a Faransa, wadda Ɗan'uwa Roger ya kafa a 1940. Tun 1978 suke taron matasa daga 28 ga Disamba zuwa 1 ga Janairu, kusan kowace shekara a wani birnin Turai. Na ƙarshen 2023 a Lubliyana ta Sloveniya aka yi, na 2024 a Talin ta Estoniya. Masu sa kai sukan isa kafin ranar buɗewa su taya shiri, kuma ana gaya wa kowa tun farko ya zo da jakar barci da shimfiɗa, don mai yiwuwa a ƙasa zai kwana, a gidan wasu ko a zauren makaranta. Duk gayyatar da ta yi maka alkawarin otal da albashi don ka “taimaka wa coci” na mako biyu, ka ajiye ta.

Sai biza, inda aka fi zubar da kuɗi a banza. Ƙasashen Shengen, wato na Turai masu biza ɗaya ta haɗin gwiwa, irin su Faransa da Jamus da Italiya, suna karɓar takardu tun saura wata 6 a yi tafiya. Ka'ida ta ce amsa kan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45, kuma samun ranar ganawa a cibiyar karɓar takardu a Legas shi kansa aiki ne idan shekara ta zo ƙarshe. Wanda ya fara a Nuwamba ya makara. Fasfo dole ya rage masa aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka bar ƙasar, da shafi biyu babu komai. In naka ya kusa ƙarewa, ofishin fasfo na Ikoyi ko Ikeja ko Festac ne zangonka na farko. Ana neman inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, kuɗin bizar kuma Yuro 90 ne ga babba tun 2024, ban da ladan cibiyar, kuma ba a mayarwa in an hana ka. A Ingila, mai bizar ziyara yana iya yin aikin sa kai na kwana 30 kawai, a ƙungiyar agaji mai rajista. In aikin zai wuce haka, akwai bizar ma'aikacin agaji daban, wadda sai ƙungiyar tana da lasisin ɗaukar nauyi. Ku tambaye su wace biza suke nufi, su amsa a rubuce.

Kuskuren da ya fi yawa a wajenmu shi ne na asusun banki. Kawu ya tausaya, ya zuba miliyoyi cikin asusun yaron da albashinsa bai taka kara ya karya ba, saura mako ɗaya a kai takardu. Jami'in biza yana duba shigar kuɗi da fitarsu na watanni, ya ga tudun da ba shi da asali, sai ya ƙi. In ikilisiya ce ko kawu zai ɗauki nauyi, a rubuta haka ƙarara, a haɗa da takardar bankin mai ɗaukar nauyin. A ƙara da abin da ke nuna za ka komo: takardar hutu daga wurin aiki, ko ta makaranta mai nuna ranar komawa aji. Tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kuwa, kada a biya shi sai biza ta fito.

In aikin ya shafi yara ko tsofaffi, za su nemi takardar shaidar hali ta 'yan sanda. A Legas, Alagbon da ke Ikoyi ne wurin da aka saba yin ta. A nema da wuri.

Yanzu sanyi. Wanda ya tashi a Jos ko Biu yakan ce ya san hunturu. Bai san wannan ba. Hunturunmu rana tana fitowa ta gasa mutum da hantsi. Can kuwa a Landan rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma a ƙarshen Disamba, a Talin hasken yini wajen awa shida ne kacal, ga jiƙa da iska. Riga ɗaya mai kauri ba ta isa. Hawa uku ake yi: ta ciki mai kama jiki, suwaita a tsakiya, sai babbar riga mai tare iska da ruwa a waje, domin cikin gini da jirgin ƙasa akwai ɗumi, dole ka iya cirewa ka mayar. Takalmi ya zama mai tafin roba mai kauri wanda ruwa ba ya shiga, ya ɗan fi ƙafarka girma don safa biyu. Takalmin sujada mai santsin tafi shi ke kayar da mutum a kan ƙanƙara. Hula mai rufe kunne, safar hannu, mayafin wuya. Duk ana samunsu a gwanjo a Katangua ko Yaba da rahusa ƙwarai in aka gwada da farashin can. A duba zif da ɗinkin hammata kafin a biya. A sa babbar rigar a jakar hannu, don in akwati ya yi lattin isowa kada a fita filin jirgi da 'yar shara. A tafi da man kaɗanya, ɗumin cikin ɗaki yana busar da fata da leɓe fiye da yadda ake zato.

Mai ciwon sikila ko asma ya ga likitansa kafin ya amsa gayyata, don sanyi yana tayar da su duka biyu. Kowa kuma ya riƙe wannan: in zazzaɓi ya kama ka a can, abu na farko da za ka gaya wa likita shi ne daga Najeriya ka zo, a gwada maleriya. Ba ita ce ke fara zuwa musu a rai ba a watan Disamba, mura za su zata. Lambar gaggawa 112 ce a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Ingila.

Kilishi da dambun nama su zauna a gida. An hana shiga da nama da kayan madara daga waje, ko Turai ko Ingila, za a ƙwace, wani lokaci har da tara. Soket ɗin Ingila irin namu ne, amma na Faransa da Jamus mai ƙafa biyu zagayayyu ne, a sayi mahaɗinsa a nan. Katin naira ba abin dogaro ba ne a waje, a tambayi banki tukuna, a kuma riƙe ɗan kuɗin ƙasar a hannu.

Shi kansa aikin, ku rage buri. Da yawa suna tafiya da tunanin mimbari da makirufo, su tarar da tulin kwanoni, jera katifu a zauren ikilisiya don marasa wurin kwana, fere dankali, wanke ban ɗaki, da tsayuwa a ƙofa cikin sanyi ana nuna wa baƙi hanya. Wannan shi ne hidimar, kuma ƙarfe takwas a wajensu ƙarfe takwas ne. Akwai dokokin da ba a wasa da su: ba a keɓewa da yaro, ba a ɗaukar hoton wanda ya zo cin abinci, ba a ba shi kuɗi ko lambar waya. Wurare da yawa ba sa yarda a yi wa mutum wa'azi yana riƙe da kwanon abinci, sai in shi ya buɗe zancen. Ko ranka bai so ba, ka bi, kai baƙo ne. Cikin waɗanda za ka yi wa hidima akwai Musulmi 'yan gudun hijira; ka san wace tukunya ce ke da naman alade kafin a tambaye ka. Wanda ya zauna da maƙwabta a Agege ba sai an koya masa wannan ba. Haka in ba ka shan giya, ka faɗa tun farko cikin ladabi, don tana shiga har cikin wasu kayan zaƙi na Kirsimeti.

Ranar 25 ita ce mai nauyi. A gida ana raba shinkafa da cincin gida-gida, zumuntar mata na rawa, yara na yawo da sabon ɗinki. Can tituna shiru suke. A Landan jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas ba sa aiki ranar, don haka in kana da aiki a wani wuri, tun ranar 23 ka san wanda zai kai ka. A Jamus daren 24 ne babban biki, shaguna kan rufe da rana, su kasance a rufe 25 da 26. Wanda bai sayi burodi ba ya shiga uku. Sujada kuma takan ƙare cikin awa ɗaya, babu ganga. A tsayar da lokacin kiran gida tun kafin ranar. Agogon Faransa da Jamus daidai yake da namu a lokacin sanyi, Ingila ce ke bayanmu da awa ɗaya. Su Mama kuma a gaya musu tun Oktoba cewa bana ba za a zo gida ba, a aika musu da rabonsu na Kirsimeti kafin a tashi, kada kuɗin jirgi ya cinye shi.

Wanda duk wannan ya fi ƙarfinsa bana, ƙasar waje ba Turai kaɗai ba ce. Ta Badagry da Seme ana isa Kwatano a yini ɗaya, gaba kuma Lome da Akra, babu biza har kwana 90 ga ɗan Najeriya. Fasfo ake nema da katin rigakafin shawara, wanda sai allurar ta kwana 10 yake fara aiki. A zangon garuruwan nan Hausa tana ci, kuma tambarin fita da komowa a kan lokaci yana taimakon fasfo ranar da za a nemi babbar biza.

Ranar komowa ba ta ɗaguwa. Za a samu wanda zai raɗa maka cewa ka zauna, “kowa haka ya fara”. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa ya rufe wa kansa ƙofa, ya jawo wa ikilisiyar da ta sa hannu dominsa tambayoyi, matasan da za su nema baɗi kuma su ne za a hana. In ka sauka Ikeja, cikin mako biyu ka kai wa dattawan ikilisiya rahoto a rubuce tare da rasit na duk kuɗin baikon da aka tara maka, ka mayar da canji in ya rage, sannan Baba Fasto ya aika wa masu masaukinka wasiƙar godiya da tambarin ikilisiya.