Jakar tafiya da abin da ya kamata ya shiga cikinta, daga bakin masu ɗinka ta

Da zarar an gama shagalin ƙaramar Sallah, shagonmu na ɗinkin jakunkuna a Kano ba ya samun sararin numfashi har sai jirgin ƙarshe na maniyyata ya tashi. Bayan su kuma ga 'yan kasuwa masu bin motar dare zuwa Legas da Anaca, ga ɗalibai masu komawa makaranta, ga masu tsallaka iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram. Rabin waɗanda ke shigowa sabon ɗinki suke so. Sauran rabin suna rungume da jakar da suka saya da arha, zif ya wage baki ko hannu ya tsinke tun kafin a kai tasha. A kan teburin gyara muke ganin abin da tafiya take yi wa kaya, shi ya sa muke da ta cewa game da abin da matafiyi zai ɗauka da yadda zai shirya shi.

Kakanninmu dukawa sun san cewa kayan tafiya ba a haɗa su wuri guda. Fatake suna da taiki na manyan kaya, malami yana da gafaka ta littafi, wanzami yana da zabira, kuɗi kuma suna cikin lalita a ɗaure a ƙugu. Har yau wannan rabon muke bi: abin da ke jikinka, abin da ke hannunka, da abin da za a jefa but ɗin mota ko cikin jirgi. Wanda ya rikita ukun nan shi ne za ka gani tsugune a tsakiyar tasha ya zazzage babbar jaka yana neman katin shaida.

Lalitar zamani da muke ɗinkawa tsawonta santimita 24 ne, faɗinta 13, domin fasfo ya shige a kwance ba tare da ya lanƙwashe ba. Gefen da ke taɓa jiki yadin auduga ne mai laushi, a tsakiya kuma akwai shafi na leda mai kauri, saboda gumi shi ne babban maƙiyin fasfo. Mun sha ganin fasfon da hotonsa ya kumbura don an saka shi cikin lalitar da ba ta da wannan shafin. Aljihu biyu muke yi mata: na ciki don fasfo da katin rigakafin shawara da manyan kuɗi, na waje don canjin da za ka sayi ruwa ko ka biya ɗan dako, yadda ba sai ka buɗe na ciki a gaban jama'a ba. Ta maniyyata muna faɗaɗa maɗaurinta zuwa santimita 5 domin ta riƙe zanen harami ma. Ka yi hoton takardunka kwafi biyu, ɗaya a jakar hannu, ɗaya a babbar jaka.

Jakar hannu ita ce za ta ɗauke ka kwana guda idan babbar ta yi ɓatan kai. Kaya sawu ɗaya, magungunan da kake sha kullum a cikin kwalinsu na asali tare da takardar likita, caja, asuwaki ko buroshi, ƙaramar tocila, takunkumi saboda ƙurar hunturu, da siririyar darduma wadda take naɗewa kamar tabarmar yara. Wanda zai hau motar dare ya ƙara da mayafi ko rigar sanyi, don sanyin na'urar manyan motocin nan yakan hana mutum barci tun daga Kaduna har gari ya waye. Ƙunshin gishiri da sukari na kanti guda uku ko huɗu ba su da nauyi, kowane ɗaya a lita guda ta ruwa mai tsabta ake dama shi, kuma gudawa a hanya ba ta sallama. Buta ma akwai ta roba mai lanƙwashewa da ba ta cin wuri.

Idan jirgin sama ne, yawancin kamfanoni kilo 7 suke yarda da shi a hannu, girman jakar kuma kusan santimita 55 a 40 a 20, shi ya sa muke yanka tamu ƙasa da haka kaɗan, domin jaka tana kumbura idan ta cika. Duk abu mai ruwa da zai shiga hannu, turare ne ko man shafawa, kada kwalbarsa ta wuce mililita 100. Almakashi da reza da wuƙar yankan farce su koma babbar jaka. Fawa-bank kuwa akasin haka ne, a hannu ake riƙe shi, ba a yarda ya shiga kayan da ake aunawa ba saboda batirinsa yana iya kamawa da wuta. Mai ƙarfin 20,000mAh, kamar yadda ake rubutawa a jikinsa, yana cikin iyakar da aka halatta. Soket ɗin Saudiyya irin namu ne mai ƙafa uku, amma mai zuwa Nijar ya nemi mahaɗi mai ƙafa biyu zagayayyu tun daga gida.

Yanzu babbar jaka, inda aikinmu yake. Abu uku ne ke kashe jaka: zif, hannu da gindi. Zif lamba-lamba ne, kuma lambar faɗin haƙoransa ce a milimita. Lamba 3 na riga ne da matashin kai. Lamba 5 ya dace da ƙananan jakunkuna da aljihu. Bakin babbar jakar da za ta ɗauki kilo 20 ko fiye ba ma saka masa ƙasa da lamba 10, na nailan mai murɗaɗɗun haƙora, domin shi ne idan ya buɗe ta baya za ka ja kansa baya ka sake rufewa ya kama. Na ƙarfe yana da kyan gani, amma haƙori ɗaya ya fita shi ke nan sai an farke an sauya gaba ɗaya. Masu kwaikwayon ɗinkinmu lamba 5 suke mannawa a bakin jaka mai girman buhu, su rataya masa ƙaton kai mai ƙyalli don mai saye ya ɗauka babba ne. Hatta a wurin dillalan kayan ɗinki sai mun yi hattara, don akwai kan zif da aka buga wa YKK, sunan sanannen kamfanin zif, alhali ko kusa bai kai ba. Mukan gane shi da nauyinsa a tafin hannu da kuma yadda yake tafiya. Na gaskiya yana zamewa shiru, na jabu yana ƙara yana cijewa, ƙarfensa kuma filaya tana taɓa shi yake karyewa.

Hannun jaka ba a jikin yadi ake dasa shi ba. Maɗauri mai faɗin santimita 4 ko 5 muke zagayawa ta ƙarƙashin jakar ya fito ta ɗaya gefen, guda ɗaya ba tare da haɗi ba, don nauyin ya zauna a kan maɗaurin. Inda ya rabu da yadin muna yi masa ɗinkin akwati da gicciye a ciki, sau biyu. Abu na farko da maigidan da ya koya mana aiki yake dubawa ke nan, yakan taka jakar da ƙafa ya fizgi hannun da ƙarfinsa, idan zare ɗaya ya yi ƙara a farke a sake. Har yau haka muke gwada kowace jaka kafin ta bar shago. Zaren nailan mai kauri muke amfani da shi, ɗinki 7 zuwa 8 a kowane inci. Idan ya fi haka ƙanƙanta allura ta huda yadin ta mai da shi kamar takardar rasit mai jiran a yage, idan ya fi haka faɗi kuma ya saki. Jakar kasuwa da ake kawo mana gyara, hannunta a kan yadi kaɗai aka ɗinka shi da zaren riga, yaron mota na fizgarta daga but sai hannun ya taho da guntun yadi.

Gindin jaka ninki uku ne a wurinmu: yadi mai kaurin zare, mai lamba 1680, daga waje, faranti na roba mai lanƙwasuwa a tsakiya, shafi daga ciki. Kwali ba ya shiga aikinmu, don ruwan damina ɗaya a saman mota ya isa ya mai da shi kunu. Kusurwoyi huɗu muna lulluɓe su da kirgin saniya, wurin da ake jan jaka a ƙasa ke nan. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda duniya ta daɗe tana yabo, taushi gare ta, don haka muna ajiye ta don jakar takardu da bakin aljihu inda hannu ke yawan taɓawa. Mai saye yakan ɗaga tamu ya ce a bakin kasuwa ya ga irinta a rabin kuɗin. Mukan ce masa, Alhaji, juya cikinta ka duba. Tamu kowane haɗi an bar masa santimita ɗaya da rabi an naɗe bakinsa da tef, waccan kuwa bakin yadin a buɗe yake yana zubar da zare tun tana sabuwa. Gana-mas-go ma tana da ranarta, ta ɗauki bargo da katifar yaro, amma wanda ya zuba mata kilo 30 ya san igiya zai nema a hanya.

A cikin babbar jaka muke so mutum ya yi amfani da jakunkunan rabo, ƙanana masu murfin raga da ake ganin abin da ke ciki. Saiti ɗaya guda huɗu ne. Babbar, santimita 40 a 30 a 10, tana ɗaukar kaftani da wando sawu huɗu. Shadda mai sitaci ko wadda aka kai wa mabuga ninke ta ake yi a kan layin da ta zo da shi, a jera a kwance, kada a naɗe ta, in ba haka ba ƙyallin ya karye ya bar zane fari. Atamfa da singileti da kayan barci su ne ake naɗewa kamar tabarma, sun fi cin ƙaramin wuri a haka. Ta biyu ta kayan ciki da safa ce. Ta uku ba raga gare ta ba, shafin leda ne, ta kayan wanka. Ta huɗu fanko take tafiya, ita ce ta kayan datti, kuma ita mutane suka fi mantawa har sai rigar gumi ta kwana a kan wankakkiya. Takalmi yana da tasa jakar mai zuge, a cusa safa a cikinsa don kada ya lotse, a kwantar da shi a gindi tare da sauran masu nauyi.

Hula tana buƙatar gidanta. Zanna Bukar da aka wanke aka ɗora a kan gungume, idan ta shiga tsakanin kaya ta fito a murƙushe, sai an sake kai ta wurin masu wanki. Muna ɗinka mata gida zagayayye mai bangon roba, faɗinsa santimita 20, tsayinsa 14, yana ɗaukar huluna uku zuwa huɗu an saka wata cikin wata.

Abin da ya fi ɓata kaya a hanya mai ne da turare. Kwalbar turaren mai tana yoyo a jirgi saboda canjin iska, a mota kuma saboda zafin but. Buɗe murfin, shimfiɗa 'yar leda a bakin kwalbar, mayar da murfin ka ɗaure, sannan ka tsayar da ita cikin jakar wanka. Kilishi yana tsatso mai ta cikin takarda, sai an ƙara masa leda biyu. Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa a zuba su a robobi masu murfin murɗawa. Daddawa kuwa ko a roba take sai ta ba shadda wari, don haka aljihun waje ne wurinta. Maniyyata su bar goro a gida, hukumar alhazai tana gargaɗi a kansa duk shekara, kuma a dawowa kada a cusa ruwan Zamzam cikin kaya, rabonsa daban ake yi. Su nemi sabulu da man shafawa marasa ƙamshi saboda harami, da jakar takalmi mai ratayawa a kafaɗa don shiga masallaci. Muna haɗa musu da 'yar jakar tsakuwar jifa, wadda ke ɗaukar 70 cif, ko 49 ga wanda zai bar Mina ranar 12 ga Zulhijja.

Ƙaramin sikeli na ratayawa ya cancanci kuɗinsa. Kamfanonin jirgi da yawa kilo 23 suke ba kowace jaka, akwatin roba mai taya kuma yakan cinye kilo 4 ko 5 tun yana fanko, tamu ta yadi ba ta kai 2 ba. Kada a cika jaka har sai an hau kanta kafin ta rufe, wannan ne ke buɗe bakin kan zif. A bar wurin tsaraba tun daga gida. Sunanka da lambar waya a rubuta su a waje, a sake saka wata takardar a ciki, a ɗaura ƙyalle mai launi a hannu domin baƙaƙen jakunkuna duk kama suke yi a wurin ɗaukar kaya.

A aljihun gefe a ajiye allura da zare, fil guda shida, guntun kyandir da igiya mita 3, wadda za ta yi shanya ta kuma yi ɗauri. Zif ɗin da ya fara cijewa saboda ƙura, a goge shi da tsohon buroshi a goga masa kyandir. Idan yana rufewa yana buɗewa ta baya, kan ne ya saki: a mayar da shi farko, a matse gefensa biyu da filaya kaɗan-kaɗan ana gwadawa, don matsa ɗaya mai ƙarfi tana fasa shi. Wanda jakarsa ke buƙatar sabon zif ko sabon hannu ya kawo ta mako biyu kafin ranar tafiya, domin sauya zif ɗin babbar jaka sai an farke bakinta duka, kuma a watan Zulƙida layin gyara yakan kai kwana goma.