Kafin ka tura kuɗin injin miling mai kwamfuta, zo mu zauna

Wani ƙanena a sana'a ya kira ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yace Yaya na ga wani injin CNC a waya, wani ɗan China ya turo min bidiyo yana cin ƙarfe kamar ana yankan sabulu kuma kuɗin ba wani yawa, in tura? Nace masa tsaya tukuna, nawa ne nauyin injin? Sai yayi shiru, yace wallahi bai tambaya ba. Nace toh kar ka tura ko sisi sai ka zo shago mun zauna. Abin da muka tattauna a zaman nan shi nake so in rubuta, don na san ba shi kaɗai ba ne, samari da yawa yanzu ransu na kan injin nan kuma ina murna da hakan, amma kuɗin ya fi ƙarfin a yi gwaji da shi.

Ni aikin gurzar ƙarfe nake a nan Kaduna, a Panteka na tashi. Maigidana, Allah ya jiƙansa, a ɗakin gyaran injuna na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri yayi aiki kafin a rufe su, shi ya ɗora hannuna a kan injin les mai juya ƙarfe ana gurzarsa, sannan injin miling, wanda shi kuma bakin yanka ne ke juyawa yana cin ƙarfen, na hannu irin Bridgeport ɗin nan da kake juya hannuwa uku kana ƙirga layi a kan dayal. Aikinmu bai wuce abin da mutane ke kawowa ba, shaf na injin niƙa, gidan boris, giya, ramin ki, bakin da ke liƙe ledar fiya wata, kayan injin casar shinkafa da ya karye tsakiyar kaka mai shi yana tsaye a kanka, sai kuma mol, wato mazubin da ake zuba roba ta fito da siffa, na masu roba wanda shi ne mai tsoka in ka iya.

Ga wanda bai sani ba, injin mai kwamfuta, wato CNC, ba wani sihiri ba ne, miling ɗin da muka sani ne sai dai hannuwan da nake juyawa yanzu moto ne ke juya su. Tebur ya tafi hagu da dama wannan X, gaba da baya Y, kan injin ya hau ya sauka Z. Kai kuma ka rubuta masa abin da zai yi da lambobi, G00 ya ruga wurin da ka ce ba tare da yanka ba, G01 ya yanka a miƙe, G02 da G03 ya zagaya, M03 ya kunna sifindil (sandar da ke juya bakin yanka), M08 ya saki ruwan sanyaya, M06 ya canja kota (bakin yankan kansa). Abin ma ya tsufa, tun 1952 aka nuna na farko a jami'ar MIT a Amurka, bayan wani John Parsons mai ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu ya kawo dabarar, lokacin da takarda mai huji-huji ake ba injin umarni. Mu ne dai ya iso mana a makare.

Abin da ya tura ni gare shi wani aiki ne na faranti arba'in, kowanne da huji takwas a zagaye da wani lanƙwasasshen rami, kuma dole kowanne ya shiga gurbin ɗan uwansa. Na yi kwana da kwanaki a kai, hannu kuwa ko na waye yana gajiya, faranti na biyar da na talatin ba za su taɓa zama ɗaya ba, aka dawo min da shida. Ranar na ƙudurta sai na sayi mai kwamfuta.

Toh sai na yi kuskuren da nake hana ƙanena. Na sayi injin da ake kira 1325, wato teburinsa milimita 1300 a 2500, na ga girma na ga araha, mai sayarwa yace yana cin ƙarfe. Ashe rawuta ce ta katako, an yi teburin ne daidai falankin ƙafa 4 a 8 na kafintoci. Sifindil ɗinsa yana gudu har juyi 24,000 a minti kuma ƙarfinsa yana can sama ne, ka sauko da shi ƙasa sai ya zama ba shi da ƙwari. Shi kuwa baƙin ƙarfe a hankali ake cinsa. Kota mai kaurin milimita 10 in ta HSS ce, wato ta ƙarfen yanka da muka saba, wajen juyi 900 a minti take so a kan ƙarfe mai laushi, in ta kabaid ce, wadda ta fi ta tauri, 3,000 da wani abu. Ranar farko da na ɗora ƙarfe gaba ɗaya gadar injin ta kama karkarwa, ƙara kamar ana yanka akuya, fuskar aikin ta fito da zane-zane, kota biyu suka karye kafin azahar. Na zauna a bakin shago raina a jagule don kuɗin nan har da na filin da na sayar a ciki. Allah ya taimake ni na juya shi ga aikinsa na gaskiya, zanen ƙofofi, allon MDF, rubutun alamar shaguna, da ɗan alminiyam marar kauri, kuma har yau yana ciyar da yara biyu a shagon. Amma ba shi na je nema ba.

Shi yasa tambayata ta farko kullum nauyi. Lokacin da kota ke cin ƙarfe, ƙarfen ma turo ta yake, in jikin injin bai fi ƙarfin turin nan ba sai ya lanƙwasa ko da da kaurin gashi ne, kuma mu a wannan aikin gashi babban abu ne, gidan boris 0.02 na milimita kawai ya ishe shi ya ƙi zama ko ya riƙa rawa. Injin ƙarfe na gaske jikinsa zubin kas ne, shi ke shanye girgiza. Haas VF-2 na Amurka tafiyarsa milimita 762 a 406 a 508 ne kawai amma ya kai tan uku da rabi, irin VMC850 da China da Taiwan ke yi suna kaiwa wajen tan biyar. Rawuta ta da ta ninka su faɗi da ƙyar ta haura tan ɗaya. Kaga bambancin ba a bidiyo ake ganinsa ba.

Daga nan sai hanyar da teburin ke bi. Akwai mai faffadar hanya da ƙarfe ke zamewa kan ƙarfe da mai a tsakani, wannan shi ne na cin nauyi, bai da saurin gudu amma yana jure duka. Akwai mai layin dogo da ƙananan ƙwallaye, shi kuma sauri da santsi, ya fi dacewa da alminiyam da ƙananan mol. Ni da yawancin aikina ƙarfe ne mai kauri na fi son na farko, amma ba zan ce wa mai yin mol na marfin kwalba ya bi ni ba. Sukurun da ke tura teburin kuma lallai ya zama mai ƙwallaye, moto kuma servo (wato irin wanda ke da na'ura a bayansa tana gaya wa kwamfuta inda ya kai), don sitefa, wato moton da ke tafiya taku-taku ba tare da wannan na'urar ba, in nauyi ya yi masa yawa yana tsallake taku bai sani ba, sai ka gama aiki ka auna ka ga komai ya goce.

Bakin sifindil ka nemi BT40, masu riƙe kotarsa sun fi samuwa kuma ya ishi shago irin namu, gudun 8,000 ya wadatar. Na'urar canja kota da kanta, in kuɗinka ya kai kar ka bari, aiki ɗaya yana iya cin kota biyar ko shida, fesin, huda, tap, gyaran gefe, in da hannu kake canjawa rabin ribar injin ta tafi a tsayuwa. Injuna masu kusurwa biyar kuwa, wato masu ƙarin motsi biyu bayan X, Y da Z, ka bar su tukuna, kyau gare su amma aikin da zai biya su ba ya shigowa shagona, in ma ana so a ƙara ta huɗu mai juya aiki daga baya don giya, sai ka tabbatar tun farko kwakwalwar injin za ta karɓa.

Kwakwalwar nan ita ce wurin da na fi daɗewa da ƙanena. Akwai Fanuc da Mitsubishi na Japan, Siemens da Heidenhain na Jamus, Syntec na Taiwan, GSK na China, Haas kuma nasu suke sawa. Duk suna aiki. Tambayar ita ce ranar da allon ya nuna maka lambar ƙararrawa ja aikin mutane yana ɗaure a bais (matsen da ke riƙe aiki), wa za ka kira? Ni Fanuc na ɗauka a injina na biyu, wanda aka yi amfani da shi ne daga Turai, ba don komai ba sai don na bincika na samu masu gyaransa a Legas da Kano, kuma kayansa ko tsofaffi ne ana samu a duniya. Ka fara neman mai gyara kafin ka nemi injin, ka kira shi ka ji da bakinsa wane iri ya iya. Kuma ranar da injin ya sauka, kafin ka yanka komai ka kwafe duk saitinsa a kati ka ajiye a gida wuri biyu, akwai ɗan batir a ciki da ke riƙe saitin nan da inda kowace kusurwa take, in ya mutu injin na kashe ka wayi gari da tan biyar na ƙarfe da bai san kansa ba. Batirin ana canja shi ne injin yana kunne, wannan a rubuce na manna shi a jikin ƙofar.

Sai wuta, wadda mai sayarwa ba zai taɓa kawo maganarta ba don shi a garinsu ba ta ɗaukewa. Injin nan fes uku yake so. Tamu 415 ce, na China yawanci 380, kayan Japan da yawa 200 zuwa 220 suke ci sai da tiransifoma a tsakani, ka tambaya tun kafin ya hau jirgin ruwa. Wuta ta yi sama ta yi ƙasa ko fes ɗaya ya faɗi, katin da ke tuƙa moto ne ke tafiya, ni na ƙone ɗaya a damina kuma sati biyar injin na kwance ina jiran wani. Tun daga nan ban ƙara haɗa shi kai tsaye ba, sitabilaiza mai fes uku, ƙasa mai kyau da aka binne sandar jan ƙarfe, in kuma aikin mol ne mai awa goma a janareto nake farawa in gama, don a ɗauke wuta kota na cikin ƙarfe asara ce biyu. Da aka kai kuɗin wutar Band A naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024 sai da na sake zama na lissafa kuɗin awa ɗaya na injin, da yawanmu ba ma wannan lissafin sai mu yi ta aiki kuɗi ba ya taruwa. Iska ma haka, canjin kota da iska yake aiki, kwamfuresa mai riƙe ƙarfin iska bar 6 zuwa 7 kuma busasshiya, ka riƙa zubar da ruwan tankin kullum.

Ƙurar hunturu kuma ita da ƙurar katako abokan gabar akwatin wuta ne. Na gina bango tsakanin rawuta da injin ƙarfe, matatar fanka duk sati ake wanke ta, a watan Maris da Afrilu in zafi ya tsananta da sassafe muke yin aikin da ke son ma'auni sosai don ƙarfe na buɗewa da zafi.

In wanda aka yi amfani da shi za ka saya, kuma yawancinmu shi muke iyawa musamman tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta gudu ta bar mu, kar ka yarda da fenti. A kunna maka shi ko a bidiyo ne kai tsaye. A ɗora dayal geji (agogon awo mai allura) a tura tebur gaba a dawo da shi a ga nawa yake ɓacewa, a yanka da'ira a auna ta ta ko'ina, in sukuru ya ci za ta fito da ɗan tudu a wurare huɗu inda kusurwa ke juyawa. A kai sifindil ƙarshen gudunsa ka saurara, boris mai lafiya ba ya kuka, a bar shi rabin awa a taɓa a ji zafi. A buɗe shafin da ke nuna awannin da ya yi yana yanka. A ga famfon man hanya yana aiki, don injin da ya yi shekaru ba mai ya riga ya gama. Mai sayarwar da ya ƙi ɗayan waɗannan ka gode masa ka wuce.

Kuma kuɗin injin ba shi ne kuɗin ba. Akwai Form M (takardar shigo da kaya) da kwastan da mota daga Apapa, akwai kiren da zai sauke shi, ni sai da na fasa ƙofar shago na zuba sabon kankare mai kauri. Masu riƙe kota, kolet, bais na kirki, kotocin kabaid, ruwan sanyaya, kwamfutar zane da manhaja irin Fusion 360 ko Mastercam, duk ba sa cikin farashin da aka turo maka. Sannan mutum. Yaron da ke riƙe min injin yanzu ya yi Kaduna Poly, ya iya zane fiye da ni nesa ba kusa ba, amma sai da na sa shi wata shida a injin hannu don kunnensa ya san kukan kota in ta ji daɗi da in tana shan wuya, kwamfuta duk abin da ka rubuta mata shi za ta yi ko da kuwa ta soka sifindil cikin tebur ne.

Ƙanen nawa dai na ce ya koma ya ɗauko littafin shagonsa ya rubuto min duk aikin da ya shigo masa cikin wata shida, da wanda ya mayar don ba shi da injinsa, da girman kowanne da irin ƙarfensa. Ya kawo shekaranjiya. Mafi girma a ciki bai kai milimita 400 ba, kusan duka baƙin ƙarfe ne sai tagulla kaɗan, kuma layinsu ba fes uku. Yanzu maganar janareto muke yi tukuna, aikin da ya fi ƙarfin injinsa na hannu kuma yana kawowa nan muna yi tare yana tsaye kusa da yarona yana kallon allo.