Ga masu son riƙe filin ƙwallo

Matasan Maradi da ke tambaya yadda ake zama shugaban filin wasa, ku fara da ciyawa, ofis daga baya ne. Filin manyan wasanni tsawonsa mita 105, faɗinsa 68, wato murabba'in mita 7,140 da za ka shayar. A zafin Afrilu da Mayu da asuba ake ban ruwa. Na tsakar rana iska ke kwashewa. Idan ba ka da rijiyar burtsatse da tankin ajiya, kada ma ka fara.

Ana barin ciyawa a milimita 25 zuwa 30, kuma ba a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta a lokaci guda, in ba haka ba ta ƙone. Bakin raga ne ke fara yin sanƙo, don haka a hana atisaye a wurin. Ciyawar roba ma ba hutu ba ce: ƙurar hunturu na toshe ta, sai da sharewa da ƙarin ƙwayoyin roba.

Ranar wasa kuwa, a gwada injin wuta tun da safe, kada a sayar da tikiti fiye da kujeru, kuma ƙofofin fita su kasance ba kwaɗo, kowace da mai tsaronta.

Maradi ta karɓi wasannin kofin Afirka na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2019, saboda haka akwai waɗanda suka ga sharuɗɗan CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, da idonsu. Ku neme su, ku yi aikin sa kai a hannunsu, ku haɗa da koyon lissafin kuɗi, don ruwa da man inji ne ke cinye kasafi.