Ɗigon da ya fi kusa ya yaudare ni

Aikin da malamina ya ba ni a farkon bincikena, a baki ba wani abu ba ne. Ga jerin wuraren da tauraron ɗan'adam ROSAT, wanda aka harba a 1990, ya hango hasken eksire a sama. Nawa shi ne in gano abin da ke fitar da kowanne, ta hanyar duba kundin tauraron ɗan'adam WISE, mai auna hasken infarad da ido ba ya gani, da kundayen rediyo. Na rubuta 'yan layuka a kwamfuta, na ce duk wanda ya fi kusa da ɗigon eksire, shi ne. Kafin yamma na gama, har da fara'ata na kai masa.

Bai ce na yi kuskure ba. Cewa ya yi, "Je ka gusar da ɗigogin nan arewa kaɗan, inda ka san babu komai, ka sake gwadawa." Na yi. Fiye da rabinsu suka sake samun aboki! Jikina ya yi sanyi.

Da na zauna na yi lissafi sai kunya ta ƙaru. Kundin WISE ɗin, mai suna AllWISE, na ɗauke da abubuwa kimanin miliyan 747, wato wajen 18,000 a kowane murabba'in digiri. ROSAT kuwa ba ya nuna wuri cif. Sai dai ka zana da'ira ka ce abin yana ciki. In faɗinta daga tsakiya zuwa baki sakan 15 ne na kusurwa (digiri ɗaya sakan 3,600 ne), to ko ina ka jefa ta a sama, a ƙiyasi za ta faɗa kan abu guda. Chandra, wani tauraron ɗan'adam mai hango eksire da ya zo a 1999, yana gani da kaifin kusan rabin sakan, amma ɗan yankin sama kawai ya leƙa.

Rediyo kuma nasa salon yaudarar daban. Galaksi, wato babban tarin taurari, irin Cygnus A tana feso kumburi biyu, dama da hagu, baƙin ramin da ke haddasa su (wuri mai tsananin ja da ko haske ba ya kuɓuce masa) yana tsakiya. Binciken rediyo na FIRST, mai kaifin sakan 5, yakan lissafa irin waɗannan a matsayin abubuwa biyu ko uku, takwaransa NVSS mai sakan 45 kuma ya dunƙule su. Sau nawa manhajata ta cafko kumburi ta bar uwar a tsakiya! Dole na koma duba hotuna da ido, ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan na fara tambayar kowane ɗan takara kamanninsa. Ƙurar da ke zagaye da baƙin rami mai haɗiyar iskar gas tana yin zafi, sai ta sa abin ya yi ja a ma'aunan WISE biyu na farko, masu tsawon zangon haske maikron 3.4 da 4.6, wato ya fi haske a na 4.6. In bambancinsu ya kai 0.8 a ma'aunin hasken taurari, alama ce mai ƙarfi ta baƙin rami. Tauraro na gama-gari bambancinsa kusan sifili ne, ko da ya fi kusa.

Labarin Cygnus X-1, wani wuri a sama mai fitar da eksire, shi ne ya fi zauna mini. Tauraron ɗan'adam Uhuru ya ba da wuri mai faɗi, taurari birjik a ciki. A 1971 wani ɗigon rediyo ya ɓullo a wurin, daidai lokacin da hasken eksire ɗin ya ragu. Wannan haɗuwar lokaci ce ta tabbatar da tauraron da ɗigon rediyon ya faɗa kansa, HDE 226868, wanda daga baya aka ga yana zagaya abokin da ba a gani duk kwana 5.6.

Jeri na biyu da na kai wa malam, layuka da dama na bar su fayau, ba suna a gabansu. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya miƙo mini wani jerin.