Abin da hotunan Ansel Adams suka koya mini a kan Dutsen Dala

Duk mai son ɗaukar hoton fili da duwatsu a baƙi da fari, da wuya ya kauce wa Ansel Adams, Ba'amurken da ya rayu daga 1902 zuwa 1984, wanda ya yi suna da hotunan tsaunukan Yosemite a Amurka. Abin da ya kama ni a aikinsa shi ne inuwa: komai duhunta, in ka kafa ido za ka ga tsagar dutse a ciki. Shi da wani mai ɗaukar hoto, Fred Archer, suka kasa haske gida goma sha ɗaya, daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 10, fari fat, gida na 5 kuma ruwan toka. Kafin ya danna, ya riga ya yanke gidan da kowane abu zai faɗa.

Da wannan tsari nake hawa Dala. Ma'aunin hasken kyamara duk abin da ka nuna masa gida na 5 yake mai da shi. Don haka nakan auna inuwar gindin katanga, in rage haske mataki biyu (kowane mataki gida ɗaya ne), ta sauka gida na 3, duhu amma ana ganin yaɓen. Sai in duba rufin kwano, domin shi ke fara ƙonewa a hoto, ya yi fari fat in ana rana. In ya wuce gida na 8, babu abin da kwamfuta za ta dawo da shi. Gara a jira la'asar sakaliya.

Matsalar Kano ita ce jar ƙasa da ganyen darbejiya. A ido sun sha bamban, amma da ka cire launi sai su narke su zama toka guda. Maganinsa jan gilashi a bakin kyamara, irin wanda Adams ya sa a 1927 ya duhunta samaniya a hoton dutsen Half Dome na Yosemite. Badala takan yi haske, ganye ya yi duhu, farin gajimare ya fito raɗau. Sai dai gilashin yana cin haske kusan mataki uku, dole ka kafa kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku. Kuma shuɗin sama yake duhuntawa, shi ya sa ya fi aiki da damina. Lokacin hunturu hazo ya riga ya shafe shuɗin, sai in cire shi, in bar hazon ya jera unguwanni layi-layi, na kusa baƙi, na wajen Goron Dutse suna dusashewa.

Kar ka kwaikwayi f/64, wato matsattsiyar ƙofar hasken kyamara, da ƙungiyar su Adams ta 1932 ta ɗauka suna. Su da manyan kyamarori suke aiki, fim ɗin kan kai inci 8 da 10. A ƙaramar kyamarar yanzu, matse ƙofar haske sosai kaifin hoto yake ragewa. Ina tsayawa tsakanin f/8 da f/11, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 100, in ajiye a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, don in daidaita ja da kore daga baya.