Inda aka kwana a diramata: zaure da tasha

'Yan uwa masu koyon rubuta wasan kwaikwayo irina, diramar barkwancin nan da nake ta fama da ita yanzu ta koma wuri biyu kacal, zauren mai unguwa da tashar mota. Na cire fitowar kasuwa da ta asibiti don ba abin da suke ƙarawa sai tsawo.

Abin da ya sa ni yin haka wani tsohon wasan Ingila ne, She Stoops to Conquer na Oliver Goldsmith, wanda aka fara nunawa a Landan a 1773. Wani saurayi Marlow ya taso daga birni zuwa ƙauye ganin 'yar abokin babansa, suka ɓata hanya shi da abokinsa suka faɗa wata mashaya, sai agolan gidan da za su je ɗin, Tony Lumpkin, shaƙiyyi na ƙarshe, ya kwatanta musu gidan ya ce ai masaukin baƙi ne na kuɗi. Shi kenan fa. Marlow ya shiga gidan surukin da zai yi yana ba da oda, a kawo masa jerin abincin dare ya zaɓa, mai gidan, dattijo Hardcastle, na ba shi labarin yaƙi yana katse shi don a zatonsa mai otal ne ya cika surutu. Kuma wannan Marlow ɗin da aka haɗa shi da Kate, yarinyar da ya zo gani, cikin kwalliyarta ko ɗaga ido bai iya ba sai in'ina, amma da ya gan ta da kayan zaman gida ya ɗauka 'yar aiki ce, nan take baki ya buɗe.

Gida ɗaya ne fa, ko kujera ba a matsar ba. Abin da mutum ya ɗauki wurin shi ke juya masa harshe, da kuma wanda yake jin yana kallonsa. A ganina nan dariyar take, mai kallo ya san inda ake shi gogan bai sani ba.

To ni jarumina ɗan kamasho ne. A tasha maganarsa guntu-guntu ce da ihu, "saura mutum ɗaya!", rake a hannu yana tofar da ɓawo, ba ya bari kowa ya kai aya. A zaure kuwa ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa gefen tabarma, gaisuwa kaɗai ta ci rabin shafi, "ranka ya daɗe" a kowace gaɓa, hannun da ya saba buga bodin mota ya rasa inda zai ajiye shi sai murza hula. Tsohon da ya zazzage wa rashin mutunci da safe kan kuɗin buhun gero kuwa shi ne waliyyin yarinyar da ya zo nema, yana zaune kusa da mai unguwa yana jan carbi bai ce uffan ba.

Kayan dandali ba yawa, benci da jarka na tasha, tabarma da buta na zaure, tsawon jimla ne ke nuna an sauya wuri.

Saura fitowa ta uku, inda tsohon zai dawo tashar neman mota zuwa gida. Nan fadar ɗan kamasho ce, yaransa duk suna kallo, kuma har yanzu ban yanke wa zai fara sauke murya ba. Wanda ke da shawara ina saurare.