Godiya bayan shekara biyu da aikin Hajiya

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi. Jiya bayan la'asar saƙon likita ya shigo wayata: ƙarin da ke cikin kan Hajiya bai ƙara girma ba, ya ma soma ƙanƙancewa. Shekara biyu ke nan cif da aikin da aka yi mata a kan ƙarin a Masar. Tun muna Masar na ɗaura niyyar rubuta godiya, amma likitan ya ce mana a irin wannan aiki ba a saurin cika baki, sai an ga hoton shekara ɗaya da na shekara biyu. Shi ya sa kuka ji ni shiru. Ba mantuwa ba ce.

Waɗanda suka san Hajiya sun san yadda abin ya faro. Sai a yi mata sallama ta ɓangaren dama ta ƙi amsawa, har wasu suka ɗauka fushi take yi. Daga baya ta ce tana jin ƙara a kunnen, kamar kukan gyare, dare da rana. Sannan jiri ya biyo baya, in za ta tashi daga kan darduma sai ta dafa bango. Kusan shekara guda muka yi muna zarya wani asibiti ana ba mu maganin ɗigawa a kunne da na hawan jini. Wannan shekarar har yau tana yi mini ciwo. Sai da Allah ya haɗa mu da wata likitar kunne, ta gwada jinta, ta ce kunne ɗaya ba ya mutuwa shi kaɗai haka kawai, a je a ɗauki hoton MRI. Likita, Allah ya saka miki da gidan Aljanna. Ke kika fara buɗe mana ƙofa.

Hoton ya nuna ƙari a kan jijiyar da ke kai ji da daidaiton jiki daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa, girmansa kamar ɗan magarya. Ba ciwon daji ba ne, amma yana girma a hankali, kuma wurin matsattse ne. Jijiyar da ke motsa fuska a manne take da shi. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da ya gan mu a nan gida bai ɓoye mana komai ba: za a iya buɗe kai a cire, sai dai akwai fargabar baki ya karkace, ido ɗaya ya daina rufuwa. Shi ne kuma, ba tare da ƙyashi ba, ya ce tunda ƙarin bai kai santimita 3 ba, mu nemi inda ake da na'urar Gamma Knife. Ya rubuta mana takarda da hannunsa. Likitan da zai tura ka wurin wani alhali shi ma zai iya aikin, mai tsoron Allah ne.

Da Hajiya ta ji sunan na'urar akwai wuƙa a ciki, sai hankalinta ya tashi. Wata rana da daddare an ɗauke wuta, na tara jikokinta a tsakar gida, kowa da 'yar tocilarsa, na ce su tsaya nesa da juna su haska wuri ɗaya a jikin bango. Hasken kowace tocila raunanne ne, amma inda suka haɗu ya yi fes. Na ce Hajiya, haka abin yake. Babu wuƙa, babu yanka. Haske ne mai ratsa jiki da ke fitowa daga sinadarin kobal, ta ƙofofi 192, kowanne bai isa ya cutar da inda ya bi ba, sai a inda duk suka haɗu ne suke gasa ƙarin. Ta yi shiru, can ta ce, "To gashin kaina fa, za su aske?" Na ce ko sili ɗaya.

Ranar aikin a Alƙahira ba zan manta da ita ba. Bayan asuba aka cire mata ɗankwali, aka yi mata allurar kashe zafi a wuri huɗu, biyu a goshi biyu a ƙeya, aka ɗaura mata wani firam na ƙarfe da kusoshi huɗu don kada kan ya motsa ko kaɗan. A nan ne na juya baya na yi kuka, ita kuwa tana ce mini, "Haba ke kuwa, ai ba zafi." Aka sake ɗaukar hoto da firam ɗin a kanta, likita da masanin lissafin haske suka zauna gaban kwamfuta suna tsara inda hasken zai sauka, mu muna jira. Shigarta cikin na'urar bai fi awa ɗaya ba. Ta ce ba ta ji komai ba, ko ƙara babu, tasbihi kawai ta yi ta yi da yatsunta. Da magariba muna masauki tana shan shayi, da 'yar filasta biyu a goshi.

A dararen da barci ya ƙaurace mini na yi ta karance-karance a waya, kuma a nan na gane akwai mutanen da suke bin mu bashin godiya alhali ba mu taɓa ganinsu ba. Na farkonsu Lars Leksell, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwidin, wanda aka haifa a 1907. Ya koyi aiki a zamanin da buɗe kai ke cin rayuka sosai, abin ya tsaya masa a rai. A 1949 ya fito da firam ɗin da ke ba likita damar auna kowane wuri a cikin kai daidai wa daida, kakan wanda aka ɗaura wa Hajiya. A 1951 ya rubuta cewa za a iya maye gurbin wuƙa da haske. Ku duba tazarar: sai a 1968 na'urar farko ta fara aiki a birnin Stockholm, bayan shekaru yana gwaji tare da masanin kimiyya Börje Larsson na jami'ar Uppsala. Shekara 17 mutum yana bin tunani ɗaya. A 1969 aka fara gwada ta a kan irin ƙarin Hajiya. Ya rasu a 1986, kafin abin ya bazu a duniya.

Amma wanda aikinsa ya fi taɓa ni shi ne Dade Lunsford na jami'ar Pittsburgh a Amurka. Ya je Suwidin ya koyo, a 1987 ya kai na'urar asibitinsu. Shi da abokan aikinsa, Douglas Kondziolka da John Flickinger, ba su tsaya ga yin aiki su sallami mutum ba. Sun riƙa bibiyar majinyata shekara da shekaru suna rubuta abin da ya faru, mai daɗi da mara daɗi. A 1998 suka fitar da sakamakon mutum 162 masu irin wannan ƙari: a kashi 98 cikin ɗari an shawo kan ƙarin, amma kusan mutum ɗaya cikin biyar fuskarsa ta taɓu. Ba su ɓoye wannan ba. A lokacin ƙarfin hasken da ake bayarwa a gefen ƙarin ya kai wajen 16 a ma'aunin da ake kira Gray. Suka yi ta rage shi har ya dawo 12 zuwa 13, aka ga ƙarin na tsayawa kamar da, fuska kuma ta tsira. Da na duba takardar sallamar Hajiya na ga an rubuta 12, sai da tsigar jikina ta tashi. Wannan lamba ba daga sama ta faɗo ba. Wasu bayin Allah ne suka sha wahalar karkacewar baki, wasu likitoci kuma suka yi gaskiyar ƙirga su. Duk safiyar da Hajiya ta yi mini murmushi bakinta daidai, ina tuna su. Ina gode musu da zuciya ɗaya.

Da yawa sun tambaye ni ta akwatin saƙo ko na'urar tana maganin kowane irin ƙari, don haka bari in faɗa a nan. Na'urar ba ta kowane ƙari ba ce. In ya yi girma har yana danne ƙwaƙwalwa, tiyata ce mafita, kuma muna da ƙwararrunta a gida. Ƙarin ba ya ɓacewa ran aikin. Na Hajiya ma a hoton wata shida sai da ya ɗan kumbura, muka shiga tashin hankali, likita ya ce haka yakan yi kafin ya lafa. Don Allah duk wanda kunnensa ɗaya ya daina ji, ko yake ƙara ba ƙaƙƙautawa, ya nemi likitan kunne, kada ya ɓata shekara kamar mu.

Kawu, ka sayar da filinka ba ka bari kowa ya sani ba, sai daga baya muka ji. Gwaggo da matan adashenku, kun ba mu kwasar da ba tamu ba. Yaya, kai ka yi ta fama da biza da canjin kuɗi. Baban yara, wata guda ka riƙe gida da yara ba ka taɓa nuna gajiya ba. Ɗaliban Azhar biyu, ɗaya ɗan Najeriya ɗaya ɗan Nijar, da suka tarbe mu a filin jirgi, suka yi mana tafinta, suka ƙi karɓar ko sisi suna cewa "Hajiya ai uwarmu ce," Allah ya yi wa karatunku albarka. Limaminmu da maƙwabta da suka sauke Alƙur'ani, da ku da kuka turo gudummawa ba ku ma san mu ba, Allah ya biya ku da mafificin alheri.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za mu yi 'yar sadaka a gida, kowa muna gayyatarsa. Jin kunnen dama bai dawo ba, dama an faɗa mana ba zai dawo ba, kuma akwai wani hoton baɗi, muna roƙon addu'arku. In kun zo gaishe ta, ku zauna ta hagunta.